Mu Riƙa Duba Haƙoran Magana Kamar Yadda Muke Duba Na Sa

'Yan'uwa fataken shanu, dillalai, mahauta da makiyaya masu karanta wannan takarda tamu, ina so in yi amfani da wannan fili in ja hankalinmu a kan wani abu da ya daɗe yana cin dukiyarmu ba tare da mun sa shi cikin lissafin asara ba. Idan muka zauna lissafi mukan ƙirga kuɗin mota, da na takardun hukuma, da abin da akan bari a shingayen hanya, da dabbar da ta faɗi kafin a kai Yawunde. Amma da wuya ka ji wanda ya ƙirga abin da daɗin baki ya ci masa a shekara, alhali kuwa a ganina wannan asarar ba ta gaza sauran ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya kamata ya fi mu sanin makircin talla, domin kuwa a cikinsa muke kwana muke tashi. Ka je karar Bogo ranar Alhamis, ko Dumru, ko Mulbudai, ko Adumri, ka tsaya ka kalli yadda falke yake sayen sa. Dillali zai yi ta zuba, ya ce wannan bajimi ko a garken lamiɗo sai an tona, ya ce yanzu-yanzu wani Alhaji daga Mubi ya taya aka yi masa albarka. Falke ba zai ce uffan ba. Zai zagaya san, ya taɓa tozo, ya danna haƙarƙari, ya duba hanci ko da danshi, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Daga nan ya sa a buɗe bakinsa ya ƙirga manyan haƙora, domin ya san biyu na farko sukan fito ne wajen shekara biyu, kuma kafin takwas su cika dabba ta doshi shekara biyar. Ya san akwai masu ba dabba kanwa ko gishiri da dare don ta kwankwaɗi ruwa ta wayi gari ciki ya cika. Duk rantsuwar dillali ba za ta sa ya ƙara ko dala ba sai idonsa ya gamsu. Gani ya kori ji.

To, amma wannan mutumin da ba a iya cuta a kan sa, shi ne zai fita bakin kara, taku ashirin kacal, ya tarar da wani ya shimfiɗa buhu a rana ya jera kwalabe yana ta ihu da lasifika, ya tsaya ya zaro jaka goma ya sayi abin da bai san daga ina ya fito ba, ya je ya ɗirka wa garken miliyoyi. Shi ne kuma da dare zai ji wata murya a wayarsa wadda bai san mai ita ba, ya gaskata, ya tura wa mutum hamsin kafin ya kwanta. Jama'a, ina wayon namu yake tafiya da zarar mun bar gindin saniya?

Yana da kyau mu tuna yadda masu tallar magani suka cika kasuwanninmu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Magungunan dabbobi kusan duk daga waje ake shigo da su, saboda haka kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo, ga shi kuma a shekarun nan gwamnati ta riga ta fara janye hannunta daga ba da magani da rahusa. Makiyayi na neman sauƙi, iyakokinmu da Najeriya da Cadi kuwa a buɗe suke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun daga lokacin sana'ar ta kafu, kuma dabarun da take tafiya a kansu ba su canza ba har yau. Bari in ɗan zayyana su, don in kunne ya ji jiki ya tsira.

Dabara ta farko ita ce aron riga. Mai talla ya san ba ka san shi ba, saboda haka sai ya ari martabar wanda ka yarda da shi. Ya sa farar riga irin ta likita, ya rataya wani kati a wuya, ya ɗaga kwalba mai rubutun Turanci ko Faransanci da hoton ƙatuwar saniyar Turai wadda hantsarta ke jan ƙasa. Ya kira sunan Jamus, ya kira Faransa. Kada mu ɗauka wannan wayon 'yan bakin kasuwa ne kawai, manyan kamfanonin duniya suka koya musu. A Amurka, wajen shekarun 1940, kamfanonin taba da hoton likitoci suke tallar sigari. A shekarun 1970 kuma an kama kamfanonin madarar jarirai suna sa wa 'yan tallarsu kaya irin na ma'aikatan jinya, suna bin iyaye mata a ƙasashe matalauta suna nuna musu madarar gwangwani ta fi nonon uwa. Abin sai da ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar irin wannan madara a 1981. Idan farar riga ta ruɗi mutanen birni masu boko, yaya ga makiyayin da ya fito daga daji sau ɗaya a mako?

Dabara ta biyu ita ce ɗan kore, kuma wannan mun fi kowa saninta. Ana cikin talla sai ka ga wani ya kutso cikin taro yana haki, ya ce a ba shi kwalba biyar, wai wancan makon ya saya, saniyarsa da ta kwanta kwana uku ta miƙe tana tuƙa. Nan take sai hannuwa su shiga aljihu. Da za ka bi sawunsu da yamma, tare za ka gan su a tasha suna raba ciniki. Wannan ai shi ne abin da malamanmu na fiƙihu suke kira najashi, wato mutum ya taya kaya ba don ya saya ba, sai don ya ingiza wani, kuma shari'a ta hana shi tun da daɗewa.

Da wannan dabarar ce 'yan damfarar kuɗi suke cin kasuwarsu, illa dai su ɗan korensu bai ma san an mai da shi ɗan kore ba. Ku tuna MMM da ta shiga Najeriya tana alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda. Waɗanda suka fara zubawa an biya su da gaske, amma da kuɗin waɗanda suka biyo bayansu, su kuma suka koma gida suna rantsuwa da Allah sun karɓa a hannunsu. A watan Disamban 2016 aka rufe asusun jama'a, miliyoyin mutane suka yi ta kuka. Mai wannan tsari, wani ɗan Rasha da ake kira Sergei Mavrodi, ya riga ya yi wa mutanen ƙasarsa irin wannan aika-aika tun 1994. Nan gida Kamaru ma, a 2018 gwamnati ta rufe wata ƙungiya mai suna MIDA a Yawunde, wadda take karɓar sefa 12,500 da alkawarin mayar da 70,000, dubban mutane suka bar kuɗinsu a ciki. A 2025 kuma wata mai suna CBEX ta sake kifewa da kuɗin mutane a Najeriya, ita ta waya ake zuba mata. Suna ne kawai yake canzawa. Kai da ka san wahalar da ake sha kafin maraƙi ya zama sa, shekara huɗu ana bin sa da ciyawa da ƙuli da harawa, wace irin saniya ce za ta haifi biyar a wata guda? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Dabara ta uku ita ce gaggawa. Saura kwalba uku. Yau kaɗai ne wannan farashi. Mota na jirana, Marwa zan wuce. Gobe za a rufe rajista. Duk manufar ita ce kada ka sami sararin zuwa ka tambayi wani, domin mai talla ya san idan ka kwana da maganar ka shawarci ɗan'uwanka, cinikin ya tashi. Mai kayan kirki ba ya tsoron ka je ka dawo. Shagon da yake da mazauni ka san inda za ka same shi idan kaya suka ɓaci, shi kuwa na kan babur mako mai zuwa yana wata kasuwa, watakila ma wata ƙasa.

Ta huɗu, wadda ta fi duka haɗari, ita ce rabin gaskiya. Ƙarya tsagwaronta ba ta nisa, wadda aka gauraya da gaskiya ita ce mai daɗewa. A nan zan ɗan tsaya, domin a nan ne dukiyarmu ta fi zubewa. Shanun da suka yi kiwo ta wajen Binuwai da Mayo-Rey da tudun Adamawa, inda ƙudan tsando yake, sukan dawo da sammore, kuma kowa ya san magungunansa, irin su Berenil da Veriben da Samorin da Trypamidium. Ƙaramin fakitin garin nan mai ruwan ɗorawa, mai nauyin giram 2.36, an auna shi ne don dabba mai kilo 300. Mai yin jabu ba wawa ba ne. Yakan kwaikwayi fakitin da sunan, har da kalar garin, sa'an nan ya sa ɗan ainihin maganin kaɗan a ciki. Ka yi wa saniya allura, zazzaɓi ya sauka, ta ɗan farfaɗo ta fara kiwo, kai kuma ka koma kasuwa kana yabon mai magani. Bayan mako uku ciwo ya dawo. Ba za ka zargi kwalba ba, sai ka ce makiyaya ce ba ta da kyau, ko baki ne ya kama garken.

Ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. Maganin da bai kai ƙarfi ba yakan kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu taurin kai, su hayayyafa, ƙuda ya kwashe su ya kai garken maƙwabci. A kwana a tashi sai a wayi gari ko maganin gaskiya aka kawo ba ya ci. Su kuwa waɗannan magunguna na sammore tun shekarun 1950 da 1960 aka ƙirƙiro su, kuma har yau da su aka dogara. Haka abin yake ga allurar teramaisin da ƙwayoyin tsutsa. Ke nan wanda ya sayi jabu don ya rage jaka biyu, har garken wanda bai saya ba ya cuta. Kada kuma wani ya ce wannan zancen dabbobi ne kawai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe irin namu, cikin kowane magani goma na mutane, wajen guda ɗaya jabu ne ko marar inganci. Tebur ɗin da ake sayar wa saniya allura, a kansa ake sayar wa yaranmu tiramol.

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, wato farfaganda. Mai talla aljihunka yake nema, mai farfaganda kuwa zuciyarka yake so ya juya, amma kayan aikinsu iri ɗaya ne. Shi ma yakan ari riga, ya ce wani babban malami ne ya faɗa, ko wani jami'i ne ya tsegunta masa. Shi ma yana da 'yan kore masu cewa da idonsu suka gani. Shi ma yana da gaggawa, ya ce ka tura wa kowa yanzu kafin a goge. Abin da ya ƙara a kai shi ne tsoro da maimaici, domin maganar da ka ji a bakin mutum goma sai ta zama kamar gaskiya, ko da kuwa duk goman daga baki ɗaya suka ɗauko ta.

Dubi batun rigakafi. Dattawanmu ba su manta da bushiyar 1983 ba, yadda ta riƙa share garke sukutum, mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Ba mai lasifika ne ya kawar da ita ba, allurar rigakafi ce da aka yi ta bi garke-garke shekara da shekaru, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya baki ɗaya a 2011. Ga LANAVET nan a Bokle kusa da Garwa, tana yin alluran ciwon huhu da harbin daji da sauransu. Amma duk da haka, idan ma'aikatan dabbobi suka fito rigakafi, sai wani ya rada cewa dabara ce ta ƙirga shanu don haraji, ko kuwa allurar tana hana haihuwa, sai ka ga an kora garke daji da asuba. Mutum ya guje wa allurar da aka san inda aka yi ta, ya rungumi wadda aka shanya a rana a bakin kasuwa. Irin wannan jita-jita ce ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, ba a koma ba sai a 2004, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, yaran da ba su ji ba su gani ba suka nakasa.

Mafi muni shi ne idan aka juya wannan makami a kan maƙwabci. A watan Yunin 2018, a jihar Filato ta Najeriya, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa ga abin da wata ƙabila ta yi wa wata. Matasa suka tare hanya suka kashe matafiyan da ba su san hawa ba balle sauka. Da BBC ta bincika daga baya, sai ta gano wani bidiyon da aka yaɗa ma ba a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kwango Brazabil yake, tun 2012. Mu da rabin rayuwarmu a kan hanya take, cikin garuruwan da ba namu ba, wa ya fi mu shiga haɗari idan irin wannan ta tashi?

Ba ma sai mun tsallaka iyaka ba. A watan Disamban 2021, rigima a kan ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da Musgum masunta da manoma ta tashi a yankin Logon-Birni. Cikin kwana uku wutar ta isa Kuseri, aka lalata kasuwar shanu, ƙauyuka fiye da 100 suka ƙone, dubun dubatar mutane suka tsallaka Cadi. Ƙarancin ruwa gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙire shi. Amma ina tambaya, me yake ɗaukar faɗan bakin tafki guda ya kai shi ƙauye ɗari, in ban da baki? Da zarar an daina cewa wane ya yi wa wane laifi, aka koma cewa su wane duk haka suke, to an gama aikin. Mu nan Mayo-Kani, Mundang da Tupuri da Giziga da Fulani da Hausawa kasuwa ɗaya muke ci. Manomin audugar da ya sayi shanun huɗa a hannunka bana, shi ne zai sayar maka da su bayan sun yi ƙiba. Duk wanda ya zo maka da zancen da zai raba ka da abokin cinikinka, tambayi kanka me shi zai samu.

Wani zai ce, to malam, so kake a daina talla? A'a. Mai nono ma sai ta yi kira ake sanin ta iso, kuma dillalin kirki rahama ne ga mai saye da mai sayarwa. Haka nan ba zan ɗora wa makiyayi laifi duka ba, domin wani wurin sai ya yi tafiyar yini kafin ya ga malamin dabbobi, in ya je ma a ce magani ya ƙare, alhali mai babur har ruga yake kai masa. Kuma gaskiya ɗaya ce, muddin wasu daga cikinmu suna cika dabba da ruwa, ko su yi wa marar lafiya allura ana gobe kasuwa don ta tsaya da ƙafarta, bakinmu ba zai yi kaifi a kan mai jabu ba. Bambancin talla da yaudara a wurina guda ne: mai talla na gaskiya zai bar ka ka duba, mayaudari kuwa duk ƙoƙarinsa ya hana ka dubawa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da sarakunan kara da su ɗauki wannan magana da muhimmanci. A zauna da jami'an ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA, a yi yarjejeniya cewa ba mai shimfiɗa magani a harabar kara sai da takardar izini da mazaunin da aka sani. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta riƙa saro magani kai tsaye daga shagon likitan dabbobi mai rajista, ta sayar wa 'ya'yanta, tun da sari ɗaya mai yawa ya fi sauƙi. A sami yaro mai karatu a kowace kasuwa wanda aikinsa shi ne ya duba wa mutane ranar lalacewar magani da lambar da ke jikin fakiti. Idan an kama jabu, a ɗaga shi sama a nuna wa kowa ranar kasuwa, da lasifikar nan dai da aka tallata shi. Ita kuma hukuma ta kusanto da ma'aikatanta da magunguna ga makiyaya, domin hana jabu ba tare da kawo na gaskiya ba aikin banza ne.

Mu kuma ɗaiɗaikunmu, kafin mu zaro kuɗi ko mu tura wata murya gaba, mu yi wa maganar abin da muke yi wa sa. Wa ya faɗa, kuma a ina zan same shi gobe? Me zai samu idan na yarda? Me ya sa yake gaggauta ni? Wa ya gani da idonsa, ban da wanda shi ya kawo? A zamanin nan da kwamfuta take iya ƙera muryar mutum da fuskarsa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ko muryar da ka sani ma sai ka kira mai ita ka tabbatar. Addininmu ma ya umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu cikin rashin sani mu dawo muna nadama.

Ba wanda ya taɓa jin an yi cinikin biri a sama a karar shanu. To, kada mu yarda a riƙa yi mana shi a bakin kara da cikin wayoyinmu. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da zumuncinmu, Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Amin.

Daga wani ɗan ƙungiya, Kaele.